Wace ƙasa ce ta fi kowa ƙirƙire-ƙirƙire?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ya kaure tsakanina da abokaina. Wani ya ce kusan duk fasahar zamani daga Amurka ta fito, wani ya ce Sin ta riga kowa, wani kuma ya kafe a kan Ingila. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kowannensu na da hujja, sai dai ba da mudu ɗaya suke awo ba.

In yawan neman rajistar haƙƙin ƙirƙira za a duba, Sin ce gaba: a 2023 ofishinta ya karɓi buƙatu wajen miliyan 1.7, kusan rabin na duniya duka. Amma buƙata daban, amincewa daban, kuma akasarinsu a cikin gida kawai aka shigar. In kyautar Nobel ce, Amurka ta yi zarra, sai dai kyautar kan zo shekaru da dama bayan aikin, kuma da yawan masu karɓarta a wata ƙasa aka haife su. Jadawalin ƙirƙira na WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin ƙirƙira, wanda ke haɗa ma'aunai kusan 80 yana la'akari da girman ƙasa, Suwizalan yake ba ta ɗaya tun 2011. Wajen kason arzikin ƙasa da ake zubawa a bincike kuwa, Isra'ila da Koriya ta Kudu ne kan gaba.

Mai goyon bayan Sin tarihi ya riƙe. Ana danganta ƙirƙiro takarda da Cai Lun na Sin a shekarar 105, kuma Bi Sheng ya yi ɗab'i da haruffa masu cirewa wajen 1040, shekara ɗari huɗu kafin Gutenberg, Bajamushen da ya ƙera injin ɗab'i a Turai. Na Ingila kuma injin tururi yake nufi: wanda Thomas Newcomen ya ƙera a 1712, sannan gyaran James Watt na 1769. Shi Watt ɗin ma ɗan Sikotlan ne.

Inda musun ke lalacewa shi ne wurin "wa ya fara". Ɗauki tarho. A Edinbura ta Sikotlan aka haifi Alexander Graham Bell, iyalinsa suka koma Kanada, shi ya yi aiki a Boston ta Amurka. Ranar 14 ga Fabrairu 1876 da aka shigar da takardunsa na neman rajistar tarho, a ranar wani Ba'amurke, Elisha Gray, ya shigar da nasa. Italiyawa kuma har gobe ɗan ƙasarsu Antonio Meucci suke ambata. A 2002 majalisar wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin karrama Meucci, bayan kwana goma majalisar Kanada ta mayar da martani cewa Bell ne ya ƙirƙira. Ƙasa huɗu ke nan a kan na'ura ɗaya, kuma babu wadda ta yi ƙarya gaba ɗaya.

Abin ya fi haka cakuɗewa a yau. Rigakafin korona na mRNA, wato mai kai wa ƙwayoyin jiki umarnin haɗa abin da zai tayar da garkuwa, ya tsaya ne a kan binciken Katalin Karikó, 'yar Hungari, da Drew Weissman a Jami'ar Pennsylvania. Kamfanin BioNTech na Jamus, wanda cikin waɗanda suka kafa shi akwai mata da miji 'yan asalin Turkiyya, shi ya haɗa shi tare da Pfizer na Amurka. Tutar wa za a kafa a kai?

In za ku koma teburin, ku fara yarda a kan fanni ɗaya da zamani ɗaya, sannan ku raba mataki uku: wa ya gano, wa ya ƙera samfurin farko da ya yi aiki, wa ya iya sarrafa shi da yawa cikin rahusa. A ganina mataki na uku ne aka fi rainawa. Motar Karl Benz ta 1886 ta Jamus ce, amma sai da kamfanin Ford na Amurka ya kafa layin haɗa mota a 1913 ma'aikaci ya fara iya sayen mota.