Zuwa ga Hadiza, kan ɗakin da za ki zauna a Lil

Assalamu alaikum 'yata. Na saurari saƙonninki na murya duka huɗu, na kuma maimaita na ƙarshen, inda kika ce tunanin masauki ya hana ki barci. Barka da arziki tukuna. Yarinyar da na goya a tsakar gidanmu na Yelwa yau ita ce jami'ar Lil da ke Faransa ta karɓa a fannin ilimin halittu, Allah ya sanya albarka. Na zaɓi in rubuta maimakon in kira, don ki samu abin da za ki karanta wa Babanki a tsanake, tunda na san Yaya, ba ya son a yi masa magana a tsaitsaye.

Hanyoyi uku kika ce suna gabanki. Akwai ɗakin CROUS, hukumar gwamnati mai kula da masaukin ɗalibai, da kika ji an ce ƙarami ne kuma maza da mata a bene ɗaya suke. Akwai situdiyon da kika gani a Facebook, a tsakiyar gari, yuro 350 a wata, mai shi yana son a turo masa kuɗin wata biyu kafin ya ajiye miki. Sai kuma gidan Hajiyar nan 'yar Garwa da ke garin Rube kusa da Lil, wadda ta ce ki zo ki zauna kyauta, kuma nan hankalin Yaya ya fi kwanciya.

Bari in fara kawar da na Facebook, don shi ba zaɓi ba ne, tarko ne. Yuro 700 da yake nema sefa dubu 459 ne da 'yan kai, domin yuro ɗaya kusan sefa 656 yake, ba ya motsi. Dokar Faransa ba ta yarda mai gida ya karɓi ko sisi da sunan ajiye ɗaki ba kafin a sa hannu a takardar haya. Duk wanda ya ce miki ya yi tafiya, makulli na hannun ɗan'uwansa, ki turo kuɗi a aiko miki, ɓarawo ne, ko da ya turo miki hoton katin shaidarsa, domin katin ma na wani bawan Allah ne da suka damfara kafin ke. Kuma ki duba farashin da kanki. Na yi shekara biyar a Lil, situdiyo mai kyau irin na hoton nan a tsakiyar gari ba a samunsa a wannan kuɗin. Kada ki tura masa hoton fasfonki ma. Ki toshe lambar kawai.

To, gidan Hajiya. Nan ne nake so ku saurare ni da kyau, ke da Yaya, saboda hanyar da na bi ke nan.

Lokacin da na sauka, wata baiwar Allah 'yar garinmu ce ta karɓe ni. Har gobe ina yi mata addu'a, ba muguwa ba ce. Ta ba ni katifa a ɗakin 'ya'yanta uku, ta ciyar da ni, ta saya mini rigar sanyi ta farko. Amma tana fita aiki tun kafin asuba, mijinta direba ne, to wa zai kai yara lakwal? Ni. Wa zai ɗauko su ƙarfe huɗu da rabi? Ni. Ranar Laraba, da ƙananan ba su da karatu, wa zai zauna da su? Babu wanda ya tilasta mini. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ke ma kin san yadda aka rene mu: ba za ki iya duban idon matar da kike cin tuwonta ki ce mata kina da darasi ba. Na riƙa rasa azuzuwan da suke kira TD, waɗanda ake kiran suna a cikinsu, ga shi ba ni da teburin karatu, sai yara sun yi barci in buɗe littafi a kicin. Zangon farko na faɗi. Na yi kuka a tashar metiro ranar da sakamako ya fito, ban faɗa wa kowa a gida ba sai bayan shekara biyu.

Faɗuwa a can ba kamar faɗuwa a jami'ar Ngaundere da ke Dang ba ce, inda za ki maimaita shekara ki ci gaba. Idan kika je sabunta takardar zama, hukuma za ta nemi sakamakon jarrabawarki, ta duba ko da gaske karatu kike yi. Ɗaliba baƙuwa da maki take zaune a ƙasar.

Akwai kuma abin da ban gane ba sai da na shiga ciki. A Faransa, mutum adireshinsa ne. Buɗe asusun banki, inshorar lafiya, tabbatar da bizarki a intanet cikin wata uku da sauka, duk sai an tambaye ki inda kike kwana, da shaida. In a gidan wani kike, kowace takarda sai kin koma kin roƙi mai gidan ya rubuto miki cewa yana saukar da ke, ya haɗa da kwafin katinsa da takardar wutarsa. Ranar da kuka ɗan sami saɓani, kuma zo mu zauna zo mu saɓa ne, takardunki duka suna hannunsa. Shi ya sa abin da nake so ki nema a shekarar farko shi ne ɗakin da sunanki ke kan takardar hayarsa, wanda za ki iya biya kowane wata ba tare da jiran kowa ba, kuma kusa da aji. Girmansa da kyansa su zo daga baya. Guntun gatarinki ya fi sari ki ba ni.

Ban ce a ƙi alherin Hajiya ba. Ofishin biza zai nemi shaidar masauki, kuma takardarta za ta yi amfani sosai. Ki sauka wurinta mako biyu ko uku, ki kai mata tsaraba mai kyau, ki taya ta aiki da zuciya ɗaya. Amma tun kafin ki tashi daga Garwa, Yaya ya faɗa mata da bakinsa cewa saukar ta 'yan kwanaki ce kafin ɗakin makaranta ya fito. In aka faɗa tun farko, tashinki ba zai zama raini ba. Ki kuma lura da nisa: karatunki a Villeneuve-d'Ascq ne, a harabar da ake kira Cité Scientifique, a layin metiro na 1. Daga Rube sai kin hau layi na 2 kin zo tashar Lille Flandres kin sauya, kusan minti 45 ke nan daga ƙofa zuwa ƙofa. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin biyar na yamma duhu ya rufe, ga yayyafi kusan kullum. Ke da kika saba da zafin Afrilu na bakin Binuwai, ba ki san yadda sanyi ke karya niyyar mutum da ƙarfe bakwai na safe ba. Wanda ɗakinsa ke tafiyar minti goma da aji shi ke zuwa aji.

Yanzu ɗakin CROUS. Gaskiya ne ƙarami ne, mita murabba'i 9, wato mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a ba mutum haya. Gado, tebur, kujera, kabad, taga. Amma a cikin kuɗin hayar akwai ruwa da wuta da ɗumin ɗaki, kuma wannan shi ne babban abin. Ɗakin 'yan kasuwa mai araha sau da yawa tsohon gini ne da ake ɗumama shi da lantarki, sai takardar wutar Janairu ta cinye abin da kike ganin kin rage. In har kika koma neman na 'yan kasuwa, ki duba harafin da ke kan tallar, daga A zuwa G, mai nuna yadda gidan ke riƙe ɗumi. Tun Janairun 2025 an hana sabuwar haya ta gidajen G. Ki tambaya kuma ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da su ruwa da shara, ko daban ne.

Batun maza da mata, ba zan ɓoye wa Yaya ba: a yawancin gidajen CROUS haɗe ake, kicin ɗin bene na kowa ne. Amma ɗakinki naki ne ke kaɗai, makulli a hannunki, kuma a gine-ginen da aka gyara kowane ɗaki da banɗakinsa da ɗan firjinsa. Irin wannan za ki nema, ko da ya ɗan fi tsada, saboda alwala da wanka da sirrinki. Na zauna a irinsa shekara uku. Na yi sallata, na yi azumina, babu wanda ya taɓa buga mini ƙofa da maganar banza. 'Yar Senegal da ke gefena da wata 'yar Maroko mu muka riƙa haɗa buɗe-baki. Akwai babban masallaci a Villeneuve-d'Ascq. In duk da haka zuciyar Yaya ba ta kwanta ba, akwai gidajen ɗalibai na mata zalla, galibi ƙungiyoyin Katolika ke riƙe da su, suna da tsari da tsaro, sai dai sun fi tsada kuma suna cika da wuri.

Samun ɗakin CROUS ɗin ne aikin. Ana fara bai wa masu tallafin karatu na gwamnatin Faransa, sannan a watan Yuli a buɗe ragowar ga kowa, har da baƙi irinki. Ki buɗe asusunki a shafinsu tun yanzu, takardar karɓarki ta jami'a da fasfo su kasance a wayarki, ranar da aka buɗe ki zauna inda intanet ke da ƙarfi, domin ɗakuna na ƙarewa cikin sa'o'i. In ba ki samu ba kada ki karaya, ki riƙa dubawa safe da yamma. Ɗalibai na janyewa a Satumba da Oktoba, wasu kuma na tashi a Janairu. Ki rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar ma, da Faransanci mai ladabi, gajere. Ni a Fabrairu na samu nawa, kuma daga wannan watan karatuna ya miƙe.

Za su tambaye ki mai tsaya miki, wanda zai biya in kin gaza. Kada wannan ya tayar miki da hankali, kada kuma ki biya wani don ya tsaya miki. Akwai tsarin Visale, kyauta ne, ga masu shekara 18 zuwa 30, kuma ɗaliba mai bizar karatu ta cancanta. Babban sharaɗin shi ne ki karɓi takardarsu kafin ki sa hannu a haya, ba bayan haka ba.

Ga lissafin da nake so ku zauna ku yi da Yaya. Yuro 615 a wata da ofishin biza ya nemi a nuna a 2025, wato sefa dubu 403 da ɗoriya, ba kuɗin jin daɗi ba ne, iyakar abin da zai riƙe rai ne. In haya ta cinye fiye da rabinsa, wata zai yi miki tsawo. Watan farko kuma ya fi kowane nauyi: hayar wata, kuɗin ajiya da ake mayarwa in kin tashi, inshorar ɗaki wadda dole ce kafin a ba ki makulli, kuɗin CVEC kimanin yuro 100 da ake biya kafin rajista, katin metiro, bargo, tukunya. A ɗakin 'yan kasuwa mai kaya a ciki, kuɗin ajiyar na iya kai na wata biyu. Za ki ji 'yan'uwa na cewa CAF, hukumar da ke ba da tallafin kuɗin haya, za ta mayar miki da wani abu. Kada ki sa shi a lissafi. Ƙa'idojinsa kan baƙi suna sauyawa, kuma ko ga wanda ya cancanta yakan ɗauki watanni kafin ya fara shigowa. Haka ma aiki: doka ta ba ɗalibi baƙo sa'o'i 964 a shekara, amma ban so ki dogara da shi a zangon farko, lokacin da kunnenki ke koyon saurin Faransancin malamai.

Ranar karɓar makulli za a zagaya ɗakin da ke a rubuta halin da yake ciki, abin da suke kira état des lieux. Kada kunya ta sa ki yi shiru. Tabon bango, tsagewar katifa, famfo mai ɗiga, ki sa a rubuta, ki ɗauki hoto. Wata mai gida ta taɓa riƙe mini rabin kuɗin ajiyata kan ƙonewar tebur da na tarar da ita, don na ji nauyin nuna mata ranar shiga.

Ki taho da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yajin Innarki, a ɗaure da kyau. Kilishi kam ki bar shi, an hana shiga Turai da nama. Sauran cefane kasuwar Wazem na ci Talata, Alhamis da Lahadi, akwai mahauta na halal a kewayenta, kuma tana kan layinki na metiro.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kira Yaya, ki gaya masa ya bar wayarsa a kunne. In bizar ta fito ki turo mini ranar tashinki da wuri, in nemi hutu a wurin aiki. Daga Liyon zuwa Lil sa'a uku ne a jirgin ƙasa, ina so in kasance a wurin ranar da za ki karɓi makulli. Ki gaishe mini da Innarki da su Abba.

Gwaggonki