Ƙwarin Hanyar Jizan Sun Ɓata Mini Gaban Mota, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Jidda, motar maigidana nake ja, baƙa ce kuma sabuwa. Tun da aka fara ruwa a gaɓar teku, duk zuwan da na yi Jizan sai na dawo gaban motar ya yi kaca-kaca da ƙwari. Wani abokina ya ce in goge da fetur da soson wanke-wanke. Na gwada a gefe guda na bonet, yanzu wurin ya dushe. Hankalina a tashe yake kada a cire a albashina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kwantar da hankalinka, dushewa irin wannan galibi tana gyaruwa. Amma ka ajiye soson nan yanzun nan, kada ka ƙarasa ɗaya gefen.

Lokacinsu ne. Da an sami ruwan hunturu a Tihama, wato filin gaɓar tekun nan, ciyawa ta fito, tun daga Lis da Ƙunfuza har Jizan ƙwari sai sun cika hanya, kuma a wannan gaɓar ta Bahar Maliya fara take hayayyafa. Abin da ke cin fenti shi ne ruwan cikin ƙwaron, domin akwai asid a ciki. Baƙar mota idan ta sha rana jikinta yakan haura digiri 70, sai ruwan ya dahu a kai. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya isa ya bar tabo, saboda haka ranar da ka dawo ranar za ka wanke.

Yanzu zancen fetur. Kullum sai an kawo mota warsha, wato garejin gyara, da irin wannan ɓarna, kuma kowa amsarsa guda: wani ne ya gaya mini. Wanin nan bai taɓa riƙe bindigar fenti ba, amma a gaban shagon shayi ya fi kowa fatawa. Fetur da kananzir da dizel maiƙo suke narkarwa, shi ya sa suke cire kwalta. Gawar ƙwaro ba maiƙo ba ce, busasshen nama ne da ɓawo, ruwa ne yake tausasa shi. Kamar ƙanzo ne a gindin tukunya, jiƙa shi ake yi a bar shi ya saki da kansa. To idan ka zuba fetur bai saki ba, sai ka ƙara ƙarfin hannu, nan ne soso yake yin aikinsa. Shimfiɗar sama mai ƙyalli da ke kare launin mota kaurinta wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin takarda ba. Koren soso na goge tukunya karce ta yake yi, ga kuma yashin hanya da ya manne a wurin kana dirza shi a kai. Shi kuwa fetur ya wanke ɗan kakin da ke kare fentin, ya sa baƙar robar bamba ta yi fari-fari, sannan ka tsaya da tsumma jiƙe da fetur kusa da injin da ya yi gudun kilomita wajen 700. Masu cewa a sa tina sun fi kowa ɓarna, don tina fentin kanta take narkarwa, idan kuma ta taɓa fitilar gaba, wadda roba ce, sai ta yi hazo ko ta tsattsage. Haka masu shafa dizel ko man girki a gaban mota kafin tafiya wai don kada ƙwaro ya manne: a ƙasar rairayi, kira ne kawai suke yi wa ƙura. Mota amana ce a hannunka, ba a gwajin maganin bakin titi a kan dukiyar mutane.

Ga yadda ake yi. Ka sa motar a inuwa har sai ka iya ɗora tafin hannu a bonet. Ka fara fesa ruwa zalla yashi ya sauka. Ka tsoma tawul mai laushi, irin na maikurofaiba, cikin ruwa da sabulun wankin mota, ban da omo, ka shimfiɗa a kan ƙwarin minti 5 zuwa 10, yana bushewa kana ƙara ruwa. Sai ka share a hankali ta fuska guda, kana juya tawul. Abin da ya ƙi, ka fesa masa maganin cire ƙwari da ake sayarwa a shagunan kayan mota, minti 2 ko abin da aka rubuta a jikin kwalba, ka ɗauraye kafin ya bushe. A magsala kuma, wato wurin wankin mota, bakin injin feshi ya yi nesa da fenti aƙalla santimita 30. Ka tsane motar nan take, ruwan tanka yakan bar ɗigo-ɗigo fari.

Wurin da ya dushe, ka ja farce a kai. Idan farce bai maƙale ba, mai folish zai ɗauke shi da man folish mai laushi. Ka hana shi farawa da kamfawun, wato man gogewa mai kaushi, kuma ba kowane wata ake yi ba, don kowane folish rage kaurin yake yi. Idan farce ya kama, ko launi ya fito a tsumma, sai fesa sabon fenti a bonet ɗin gaba ɗayansa. A nan gara ka gaya wa maigida da bakinka.

Kariya kuwa, kaki a zafin nan wata ɗaya zuwa biyu yake yi, sai ka sabunta kafin doguwar tafiya. Shafin kariyar fenti da ake kira nano yana sauƙaƙa wanki, amma duk mai ce maka ba sai ka wanke ba ciniki yake nema. Mafi ƙarfi ita ce ledar kariya mai haske a bamba da bonet da madubin gefe.

Kada ka kunna waifa a busasshen gilashi, ka cika tankin ruwanta kafin ka tashi. Ka leƙa bayan ragar gaba ma: ƙwari suna toshe kwandensar AC da lagireto, sanyi ya ragu, zafin inji ya hau. Idan inji ya huce ka wanke su da tiyo mai ruwa a hankali, don feshi mai ƙarfi yana lanƙwasa siraran haƙoransu.