Kafin ka biya kuɗin karatun tsatsa

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ka shiga karatun gaba da digiri kan tsatsar ƙarfe da yadda ake gwada ta, irin wanda ake yi daga gida ta intanet, tunda ka gama babbar difloma a kwalejin Waziri Umaru ta nan Birnin Kebbi kuma ba ka son barin wurin walda. Ka ce abokanka suna ganin ɓarnar kuɗi ce, wai iskarmu busasshiya ce, tsatsa matsalar mutanen Legas da Fatakwal ce.

Ka yi karatun, amma da sharaɗi. Kafin in zo kansa bari in taɓa maganar abokan naka, don ta dame ni.

Gaskiya ne ƙofar ƙarfe a nan ta fi ta bakin teku daɗewa, domin tsatsa sai da danshi da iska take kamawa, gishiri kuma ya ƙara mata gudu. Amma ka je ka duba ƙafafun hasumiyar tankin ruwa, ka tsuguna daidai inda bututun ya shiga siminti. Sama fenti ne sumul, ƙasa kuwa in ka ƙwanƙwasa da guduma sai ɓawo ya zubo. Ƙurar hunturu ta taru a wurin, ruwan da ke ɗiga daga tanki ya jiƙa ta, sai ta riƙe danshi dare da rana. Wani lokacin ma daga ciki cin yake tasowa: mai walda ya rufe bututu bai bar ƙaramin rami a ƙasa ba, ruwan damina ya sami kafa ya shiga ya kwanta. Tankin lita 5,000 tan 5 ne na ruwa a saman kan mutane, kuma waɗannan ƙafafun ne ke ɗauke da shi. Ga bututun rijiyar fadama da manoman shinkafa ke kafawa daga Argungu har Suru, ga tukwanen turara shinkafa, ga bodin motar da ke dakon takin zamani, wanda ke cin ƙarfe kamar gara ta sami azara. Rodin da ke cikin simintin gini ma haka: in simintin da ya rufe shi bai yi kauri ba, sai ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa simintin daga ciki.

Abin da karatu zai ƙara maka shi ne sanin dalili. Mu mun san abin da ido ya saba gani, kai za ka san me ya jawo shi. Ɗauki kan famfo na tagulla da aka ɗaura wa bututu mai rufin tutiya. Kullum a bakin zaren yake fara yoyo. Wurin yanka zare an kankare tutiyar, sannan ga ƙarafa iri biyu sun haɗu a cikin ruwa, sun zama ƙaramin batir, ɗaya na cinyewa ɗaya na zaune lafiya. Wannan halin ne kuma masana suka juya ya zama magani. Tun a 1824 Humphry Davy ya nuna a Ingila cewa in an liƙa guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ake lulluɓe gindin jirgin ruwa da shi, guntun ne zai cinye ya bar jan ƙarfen. Har yau da wannan dabara ake kare bututun mai da na gas da ke binne, kuma mai duba su yana auna ƙarfin lantarki tsakanin bututu da ƙasa, yana neman mita ta nuna -850 na milibolt ko ƙasa da haka. Shi ya sa nake matsa maka ka shafa fenti mai tutiya duk inda wutar walda ta ƙone rufin, kuma kada ka tsaya cikin farin hayaƙin nan, yana sa zazzaɓi da dare.

Ƙarfen da muke ce wa silba, wanda ba ya tsatsa, shi ma yana yi in an wulaƙanta shi. Sinadarin kuromiyom ne ke kare shi, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Nau'in 304 ya isa aikin kicin, amma inda gishiri ya yi yawa sai 316. In ka goge shi da fayafayin girandar da ka yi aikin baƙin ƙarfe da shi, ka dasa masa ƙurar ƙarfe, raɓa kaɗan za ta fito da jajayen ɗigo, mai kaya ya ce ka sayar masa da jabu.

To ga sharaɗin. Gwajin tsatsa aikin hannu ne. Za su koya maka lissafi da sinadarai ta kwamfuta, wannan zai shiga kai tun daga ɗakinka. Amma riƙe na'urar auna kaurin ƙarfe da sauti, da sanin inda za ka ɗora ta a jikin tanki, da gane ramin da ya yi zurfi alhali bakinsa bai fi kan allura ba, waɗannan ba sa zuwa ta waya. Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, ka tambayi makarantar a wane ɗakin gwaje-gwaje za ka yi aikin hannu, tsawon wane lokaci, kuma wa zai duba aikin bincikenka. In suka yi ta kewaye-kewaye, ka bar su. In ta gida ce ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin, in ta waje ce ka binciki ko Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta karɓi takardar. Ka kuma sani yawancin jami'o'inmu sai mai babbar difloma ya yi diflomar gaba da digiri, wato PGD, kafin digiri na biyu. Idan aikin duba bututu ko fenti kake hange, takardun ƙungiyar masana tsatsa da fenti ta AMPP, wadda aka kafa a 2021 bayan haɗewar ƙungiyoyin NACE da SSPC, kamfanonin mai sun san darajarsu, sai dai da dala ake biya.

Za ka ji ana yawan maganar gwajin feshin ruwan gishiri, wanda ake kira ASTM B117. Akwati ne da ake fesa ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100 a zafin digiri 35, a ƙirga awowin da fenti zai jure. Yana da amfani wajen tona asirin fenti mara kyau, amma kada ka yarda ɗan kasuwa ya ce maka awa kaza a akwati daidai take da shekara kaza a rana da ruwan Kebbi. Akwatin bai san zafin watan Afrilu ba, bai san jiƙewa da bushewa ba.

Gwajin da na fi so ka fara da shi ba ya buƙatar izinin kowa. Ka yanka guntaye daga falle ɗaya, girmansu ɗaya, ka goge da sanfefa, ka wanke maiƙo, ka buga wa kowanne lamba. Ka auna su da ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinari. Wani ka rataye a rufin shago, wani ka binne a fadama, wani cikin ruwan burtsatse, wani kusa da buhun taki. Bayan damina ka ciro su, ka cire tsatsar a hankali ba tare da ka ci lafiyayyen ƙarfe ba, ka sake aunawa. Da nauyin da ya ragu, da faɗin guntun, da tsawon lokacin, da nauyin ƙarfe na giram 7.85 a kowace santimita kubik (wato tsawo, faɗi da kauri santimita ɗaya-ɗaya), za ka fitar da milimita nawa ke tafiya a shekara. Kowane wuri ka sa guntu uku, don guda ɗaya yana iya yi maka ƙarya.

Game da lokaci, na yarda ka riƙa tashi bayan la'asar ranakun da kake da darasi, muddin ka kammala aikin da ke hannunka. Ranar Asabar ka zo da littafi mai kwali da sikelin. Akwai ragowar fallen milimita 3 a bayan shago, da shi za mu yanka guntayen kafin ruwan farko ya sauka.