Faɗuwar gaba ta ƙaru tun rasuwar maigidana, zan iya zuwa asibiti ina cikin takaba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, yau kwana 38 da rasuwar maigidana, dama ina ɗan fama da faɗuwar gaba tun da amma yanzu abin ya yi yawa, da dare zuciyar sai ta dinga bugawa fat-fat kamar zata fito, ko ƙarar babur irin nasa na ji a ƙofar gida shikenan sai na nemi wajen zama. Surukata ta ce rashin tawakkali ne kuma wai mai takaba ba ta fita ko asibiti ne. Malam ina da zunubi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki dangana.

Baiwar Allah ba ki da zunubi, don ba ke kika umarci zuciyar ta buga ba. A hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ranar da Annabi (SAW) ya je duba Sa'ad bin Ubada ya yi kuka, ya ce Allah ba Ya azabtarwa saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, da wannan ne Yake azabtarwa ko Ya yi rahama, ya nuna harshensa. To in dai ba kururuwa kike yi ba ko yaga tufafi ko maganar da ke nuna fushi da ƙaddara, haƙurinki yana nan. Annabi Yakubu ma ai baƙin cikin rabuwa da Yusuf sai da ya taɓa masa jiki har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a aya ta 84 cikin Suratu Yusuf, wa zai ce masa ba shi da tawakkali?

Maganar fita kuwa, Hajiya surukarki ta ɗan tsaurara, ki gaya mata cikin ladabi. Abin da ke kan mai takaba na wata 4 da kwana 10 shi ne ta bar ado da turare kuma ta riƙa kwana a gidan da mijin ya bar ta, amma fita da rana don buƙata malamanmu na Malikiyya sun halatta, asibiti kuwa ya ma wuce buƙata. Ko kwantar da ke aka yi lalura ce, kwanakin takabarki suna ci gaba da ƙirguwa, babu ramuwa.

Kuma ni shawarata kar ki jinkirta. Likitoci sun san ciwon da baƙin ciki mai tsanani ke jawo wa zuciya ta yi rauni farat ɗaya, a Japan aka fara bayaninsa a 1990, ya fi kama mata manya kuma yana kama da bugun zuciya irin wanda ake kira heart attack sak. Ban ce shi ne da ke ba, ni ba likita ba ne, wani lokacin ƙarancin jini ne ko hawan jini ko rashin barci da yawan goro da shayin zaman makoki. Ki je a yi miki awon zuciya da na jini. In kuwa kika ji ƙirji ya ɗaure ko numfashi na sarƙewa ko jiri kamar za ki faɗi, ko ƙarfe biyun dare ne a kai ki.

Ki lazimci addu'ar Ummu Salama, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, kuma ki ci abinci don Allah. Nana A'isha in an yi rasuwa cikin danginta takan sa a dama talbina, wani kunu ne na gari, a ba waɗanda aka yi wa rashin, ta ce ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana kwantar da zuciyar mara lafiya tana rage baƙin ciki.

Wallahu a'alam.