Amsa ga Yaya kan 'yan mutum-mutumin da yaranmu ke fentawa a Ingila

Yaya, ka tambaya ko waɗannan ƙananan sojoji da dodanni da kake gani a hotunan yaranmu na Nottingham wata sabuwar caca ce, kuma me ya sa manya ma ke zama suna fenta su. Babu kuɗi a wasan. Iri biyu ne: akwai na yaƙi irin Warhammer, wanda kamfanin Games Workshop ya fitar a 1983, hedikwatarsa kuma a nan garin take; akwai na labari irin Dungeons & Dragons da ya fito daga Amurka a 1974. A na biyun mutum ɗaya ke jan labari, saura kowa na riƙe da jaruminsa, ana jefa ƙwaya irin ta lido mai fuska 20 don a ga ko abin da jarumin ya yi niyya ya yiwu. Mutum-mutumin alama ce ta inda kowa yake tsaye a kan taswira, tsayinsa milimita 28 zuwa 32. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, shi ya sa iyaye da yawa suka gwammace yara su taru a tebur da su kwana kan waya.

Batun hukuncin surar kuwa, gidajenmu ba su zama ɗaya ba. Wasu na ɗaukarsa kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha. Wasu sun hana mai siffar rai, yaransu sai su gina ganuwa da gidaje da bishiyoyin filin wasan. Kowa da malamin da yake bi, kuma ba ma tsangwamar juna a kai.

Aikin kansa daga shiri yake lalacewa. 'Yan mutum-mutumin roba suna zuwa ne gunduwa-gunduwa a jikin firam, a yanke su da ƙaramar filaya, a kankare layin da injin zubi ya bari da bayan wuƙa. Wanda ya bar layin nan, fenti zai ƙara fito da shi. Na ƙarfe da na resin, wata irin roba mai tauri, sai an wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, domin akwai maiƙon da ke hana fenti kamawa. Gam ma iri biyu ne: gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su haɗe, don haka ba ya aiki a ƙarfe ko resin, can sai sufa-gulu. Hannu mai nauyi ko mahayi a kan doki, a huda ɓangarorin biyu da abin huda na milimita 1, a sa guntun waya a tsakiya kafin gam, in ba haka ba faɗuwa ɗaya ta raba su. Ƙurar resin tana cutar da huhu, a goge shi a jiƙe.

Daga nan sai fentin farko na feshi. A girgiza gwangwanin minti biyu, a fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, a gajerun feshi. In an matso, fenti ya cike fuska da ninkin tufafi. In an yi nisa, ya bushe a iska ya sauka kamar yashi. Sanyi da laima na nan suna jawo wannan matsalar, shi ya sa a hunturu ake ɗumama gwangwanin a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba tafasasshe ba.

Fentin ruwa ake amfani da shi, na kamfanin Games Workshop ko na Vallejo, kuma ba a shafa shi yadda ya fito daga kwalba. A sirka da ruwa kusan ɗaya da ɗaya, a yi shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. Burushi mai lamba 1 ko 2 mai tsinin baki ya fi ɗan sirit ɗin da sababbi ke rububi, don shi ƙaramin, fenti kan bushe a bakinsa kafin ya kai jikin aikin. Bayan launin tushe sai a bi da wani fenti mai ruwa-ruwa mai duhu, ya gangara cikin ramuka ya yi inuwa. Inda ya taru a tsotse shi da busasshen burushi, ko ya bar tabo. Sannan a ɗebi launi mai haske, a goge kusan duka a tishu, a share saman gashi ko sulke da shi.

Abin da ya fi jan yaranmu shi ne sauya siffa, domin babu kamfanin da muka sani yana sayar da barden Kano. Sukan sayi kwalin mayaƙan Mahadi na Sudan na Perry Miniatures, ko mahayan Larabawa, su mayar da su 'yan lifidi irin na hawan Sallah. Ana yi da wani ƙullu mai suna Green Stuff, shuɗi da rawaya, a murza daidai wa daida har ya koma kore. A bar shi minti 20 ya rage danƙo, a riƙa jiƙa yatsu da kayan aiki. Lifidi: a shimfiɗa shi da kaurin da bai kai milimita ɗaya ba a jikin dokin, a danna layuka masu gicciye da bayan wuƙa. Sulke: a bi jere-jere da tsinin allura. Rawani ya fi wuya. A murza siririn zare, a baje shi, a naɗa zagaye ɗaya, a bar shi ya kwana, gobe a ƙara na biyu da amawali. Mai gaggawa zai danne na jiya da yatsa, sawun yatsan kuma ba ya gogewa, don ƙullun nan ba ya jin samfefa sai an gauraya shi da wani ƙullun mai suna Milliput. Muna kuma tuna musu cewa rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne, ba a ɗora wa kowane barde, ja da kore kuma na dogarai ne.

Baƙar fata nan ne aka fi kuskure. In aka haskaka ruwan ƙasa da fari sai fuska ta yi toka-toka. A fara da ruwan ƙasa mai duhu mai ɗan ja, a haskaka goshi da hanci da kumatu ta ƙara fenti mai launin ruwan lemo kaɗan-kaɗan. Rawani ɗan Kura kuwa, baƙi a gauraya da shuɗi mai duhu, bayan an fesa banish marar ƙyalli a dukkan aikin sai a shafa mai ƙyalli a rawanin kaɗai.

In yaranka za su gwada a Kano, zafi da iskar hunturu za su busar musu da fenti nan take. Su sa jiƙaƙƙen soso a roba mai murfi, su shimfiɗa takardar gashin kek a kai, su riƙa dama fentin a samanta. Mutum-mutumin da fentinsa ya ɓaci kuma a jiƙa shi cikin sinadarin isopropyl na 'yan awoyi a goge da burushin haƙori, amma ban da na resin, shi laushi yake yi.