Tsohuwar akori-kura da jarin albasa: amsa ga wani ɗan kasuwar Mile 12

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 da ke Legas, albasa nake saukewa daga Aliero da Sakkwato, jarina ya kai kimanin Naira miliyan 15. Akwai wata tsohuwar Fijo 504 akori-kura da na gani a wani gida a Agege, ta daɗe a ajiye. Da irinta mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake kai mu gona, kuma tun da na gan ta hankalina ya ƙi kwanciya. Mai ita ya ce miliyan 1.8. Bakanikena ya duba ya ce miliyan 2 za ta tashe ta tas. Wani abokina ya ce in na gyara zan sayar da riba kamar yadda Turawa ke yi, ko in riƙa kai wa kwastomomi kaya da ita. In ciri kuɗin daga jari in mayar daga baya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa.

Ba zan ce maka ka cire motar nan daga ranka ba. Mutum yana wahala dare da rana a kasuwa, yana da haƙƙin ya kashe wani abu a kan abin da ke faranta masa rai, balle abin da ke tuna masa da mahaifi. Amma amsar tambayarka ta ƙarshe a'a ce, kuma ba na kokwanto a kanta. Kada ko sisin kwabo ya fita daga uwar kuɗi. Wannan aikin kashe kuɗi ne, ba zuba jari ba ne, kuma daga riba kaɗai ake yin irinsa.

Bari mu fara da miliyan 2 ɗin da bakanike ya faɗa. Ban ce ƙarya yake yi ba. Shi abin da ya shafi sana'arsa ya lissafa, wato inji da giya da kuloci da birki, kuma a 504 wannan ɓangaren shi ne mai sauƙi. An fara ƙera motar a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, aka ci gaba da fitar da 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan Turai sun daɗe da barinta. Shi ya sa har gobe akwai tsofaffin makanikai da suka san cikinta ciki da bai, kuma kayan injinta ba su ƙare ba a kasuwar Ladipo a Legas, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Injin nata ma an yi shi ne don a riƙa gyarawa. Silindojinsa na cirewa ne, ana zare tsofaffin a sa sababbi da fistin da rin, inji ya dawo da ƙarfinsa. Inda ake samun matsala shi ne kan injin, domin na alminiyam ne, kuma shekarun da aka yi ana ɗura wa lagireto ruwan rijiya sukan cinye shi ta ciki. Duk da haka ana samun wani.

Bodi ne ramin kuɗin, kuma shi ne bakanike bai lissafa ba. Motar da ta yi shekaru a tsaye a Legas ta sha damina bayan damina, ta sha iskar teku mai gishiri, wataƙila ma ruwan ambaliya ya taɓa kwana a ƙarƙashinta. Tsatsa daga ciki take ci, fenti kuma yana rufa mata asiri. Idan ka koma, ka tafi da mai gyaran bodi, ka riƙe maganaɗisu da sukuddireba. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ta wajen ƙafar direba ka danna ƙarfen da bakin sukuddireban. Lafiyayyen ƙarfe zai tsaya ƙyam, ruɓaɓɓe kuwa zai lotsa ko ya zubo garin tsatsa ja. Ka bi ƙasan ƙofofi da gefen gilashin gaba da maganaɗisun. Duk inda ya ƙi kamawa, to fila aka cusa aka shafe da fenti. Sannan a shiga ƙarƙashi da tocila a duba shasi, musamman inda sifirin na baya ya kama, domin akori-kura ta sha lodi fiye da ƙima a rayuwarta, kuma a nan ake ganin tsagewa da tsohuwar walda. Ƙasan gida ana yanke shi a sa sabon ƙarfe. Amma idan shasin ya ruɓe ko ya karkace, ka yi wa mai motar godiya ka tafi, ko da ya rage maka rabin kuɗin. Araha ba ta ado.

Sai ƙananan kayan da ba mai tunawa da su sai an zo haɗawa: robar gilashi, robar ƙofa, fitilun baya, murfin fitilar sigina, hannun ƙofa, agogon dashbod, tambarin zakin nan na gaba. Kowanne ba wani kuɗi ba ne shi kaɗai, amma yawancinsu an daina yin na asali, sai dai a ciro a jikin wata matacciyar motar a Owode Onirin ko a yi odarsu daga waje. Odar waje kuma da dala ko yuro ake biya. A farkon 2023 dala tana wajen N460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura N1,500. Duk wani lissafin gyara da tsohon mai Fijo zai ba ka daga abin da ya kashe shekarun baya, ka saurare shi da girmamawa, amma kada ka gina kasafinka a kansa. Ga wayarin kuma. Wayoyin da suka shekara talatin ko fiye sun bushe, ɓeraye sun yi gida a ciki, kuma facin waya a tsohuwar mota mai kafireto gobara yake jawowa. A sake shi gaba ɗaya. Ka ƙara tayoyi biyar, batir, kujera, wanke tankin mai, fenti na kirki, da kuɗin janwen da zai ɗauko ta daga Agege tun ranar farko.

Shawarar da nake ba duk mai irin wannan niyya ita ce ya ninka abin da aka faɗa masa sau biyu, domin ba a sanin gaskiyar tsohuwar mota sai an kwance ta. Kenan naka gyaran ka ɗauke shi a miliyan 4. Ka haɗa da kuɗin saye da takardu da wurin ajiya, kana maganar miliyan 6 ko sama. Alhaji, kashi biyu cikin biyar na jarinka kenan.

Yanzu ka ɗauko littafinka ka duba abin da kuɗinka ke haifarwa. A ce kowace N100 tana kawo maka N20 a shekara bayan an fitar da kuɗin mota da dako da la'ada da abin da ya ruɓe. To miliyan 6 da ta bar kasuwa ta tafi da miliyan 1.2 duk shekara, kuma irin wannan gyaran ba ya ƙarewa a wata uku. Ka fi ni sanin yadda albasa take. Lokacin da aka cire ta a Arewa, wajen Maris da Afrilu, tana araha, mai kuɗi a hannu shi ke saye da yawa. Ƙarshen damina zuwa ƙarshen shekara ta yi tsada, buhunan da jarinka ke iya ɗauka sun ragu. A duk lokutan biyu tsabar kuɗi ce ƙarfinka. Ranar da abokin huldarka na Aliero ya kira ya ce ga kaya masu kyau a turo kuɗi yau, ba za ka ce masa kuɗin suna gareji an kwance musu inji ba. Zai sayar wa na kusa da kai, kuma mai yiwuwa gobe shi zai fara kira. Maganar "zan mayar daga baya" kuwa na sha jin ta a bakin 'yan kasuwa masu gaskiya da niyya mai kyau. Abin da ke faruwa shi ne ribar da za a mayar da ita ta riga ta ragu saboda jarin ya ragu, ga hidimar gida ba ta jira, ga garejin yana neman ƙari.

Batun sayarwa da riba, abokinka ya ji labarin rabi ne. Gaskiya ne a Amurka da Ingila da Faransa akwai masu tara tsofaffin motoci, da ƙungiyoyinsu da wuraren gwanjonsu. Amma ko a can sananne ne cewa motar da aka ƙera da yawa, kuɗin gyaranta yakan wuce abin da za a saye ta. Masu cin riba su ne masu motocin da ba su da yawa a duniya, ko waɗanda ke yin aikin da hannunsu. A Legas wa zai saye ta? Mai neman motar aiki yana da miliyan 6 a hannu zai nufi wadda ta fi ta ƙuruciya. Mai sha'awa irinka kuwa ba kullum ake samunsa ba, kuma in ya zo zai taya ne yadda ya ga dama, don ya san ba layi ake yi a kanta ba. Wataƙila masu shirya fim ko masu talla su ɗauki hayarta jefi-jefi. In hakan ta samu alhamdu lillahi, amma ba abin sawa a lissafi ba ne.

Kai kaya da ita ma ban goyi baya ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ya kai N1,000, kuma injin kafireto a cunkoson titin Ikorodu shan mai yake yi ba da wasa ba. Sannan ruwan ruɓaɓɓiyar albasa da jan buhu za su lalata fentin da ka kashe wa kuɗi cikin wata guda. Dole ka zaɓa tun yanzu. In motar aiki kake so, wannan wani lissafin ne daban, kuma ba wannan motar ba ce. In ta tunawa da Baba ce, to a bar ta a haka.

Takardu ka fara dubawa kafin komai. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta dace da ta takarda harafi da harafi, kuma wanda ke sayarwa ya zama shi ne mai ita. Motar da ta daɗe a ajiye a gida sau da yawa ta gado ce, to ka tabbata duk magada sun yarda, a rubuce, da shaidu. Bayan haka akwai canjin suna a ofishin lasisin motoci na jihar, da inshora, da takardar lafiyar mota, wadda a 2022 Legas ta kafa ƙa'idar ba a bayar da ita sai an kai motar an gwada ta a na'ura. Birki da fitilu da hayaƙi duk sai sun tsallake.

In duk wannan ya yi daidai kuma har yanzu ranka yana kanta, ga yadda nake ganin za ka yi. Ka buɗe mata asusunta daban, ko ka shiga adashi dominta. Duk ƙarshen wata, bayan ka fitar da na gida da na makarantar yara da abin da za ka ƙara wa jari, ka jefa mata wani kaso na abin da ya saura. Ka rubuta iyakar abin da za ka kashe gaba ɗaya, ka faɗa wa wani da kake jin nauyinsa, domin ranar da aka zo tsakiyar aiki zuciya za ta ce ai an riga an kashe da yawa, ba a tsayawa. Watan da kasuwa ta yi sanyi, motar ta jira. Ba ta cin abinci.

Aikin kuma a yi shi kashi-kashi, shasi da walda tukuna, sai inji da birki, sai wayarin, fenti da kujera a ƙarshe. Mutane da yawa da fenti suke farawa don ido ya gani, daga baya wutar walda ta ƙone shi. Kowane kashi a yi jingarsa daban a rubuce, ka ba da kafin alƙalami kaɗan, sauran sai ka ga aiki. Kayan gyara ka je Ladipo tare da bakaniken ka biya da hannunka, kuma a dawo maka da tsofaffin da aka cire. Kada ka bar ta ta yi watanni a gareji ba a aiki a kanta, don motar da ta daɗe a gareji kayan jikinta sukan koma jikin wasu motocin da sunan aro. Ka kuma nemi inda za ta kwana a ƙarƙashin rufi tun kafin ka saye ta. A Legas wannan ma kuɗi ne na wata-wata, kuma in ka bar ta a bakin titi, ko dai hukuma ta ja ta ko damina ta mayar da ita yadda ka same ta.

Akwai kuma batun zakka, tunda kai mai fitarwa ne. Motar hawa ba a fitar mata da zakka, amma wadda aka saya da niyyar sayarwa don riba ta shiga kayan kasuwanci. Ka tsayar da niyyarka guda ɗaya, ka zauna da malaminka a kai.

Farashin miliyan 1.8 kuwa akwai magana a cikinsa. Motar da ba ta tashi, masu tayinta ba su wuce 'yan gwangwan da masu neman kayan jikinta ba, kuma mai ita ya san haka. Bayan mai gyaran bodi ya gama dubawa, ka sa ya lissafa abin da ya gani a gaban mai motar, sannan ka yi tayinka. In kuɗin sayen bai taru a asusun nata ba tukuna, ka roƙi mai ita ya ba ka lokaci zuwa bayan kakar albasa. Allah ya sa albarka a kasuwa.