Lauyan Ƙanena Ya Ce Mu Yi Sulhu, Anya Ba a Saye Shi Ba?

Tambaya: Barista, ƙanena ya karɓi kuɗin abokin kasuwancinsa don ya saro masa kaya, sai ya taɓa wani abu daga ciki ya toshe wata matsala, da niyyar mayarwa. Mutumin ya kai shi wurin 'yan sanda, yanzu magana tana gaban majistare, an ba da belinsa. Ya faɗa wa lauyansa gaskiya duka. Tun daga nan lauyan ya ƙi yarda mu kawo wanda zai shaida cewa an mayar da kuɗin, kullum maganarsa a yi sulhu, ran nan ma na gan su suna raha da mai gabatar da ƙara. Anya ba a saye shi ba? Kuma tunda babu lauya a wurin sa'ad da ya sa hannu a sitatimen, ai shari'ar ta rushe ko? Mai ƙarar ya ce mu kai masa kuɗinsa gida ya janye.

Amsa: Malama, Allah Ya kawo muku mafita. Abin da zan faɗa bisa labarin da kika bayar ne, takardar tuhuma da sitatimen ɗin suna iya canza wani abu a ciki. Amma a yadda kika zayyana, ban ga alamar an sayi lauyan nan ba. Abin da na gani shi ne lauya da ya ƙi jefa ƙaninki cikin rami mai zurfi fiye da wanda yake ciki.

Mutane da yawa sun ɗauka idan ka biya lauya to ka sayi bakinsa, duk abin da ka ce shi zai maimaita wa alƙali. Ƙa'idojin aikinmu a Najeriya sun hana lauya gabatar da shaidar da ya san ƙarya ce. Wanda ake tuhuma yana da damar ya musanta laifi ko da ya faɗa wa lauyansa ya aikata, domin sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwar a wuyan masu gabatar da ƙara yake. Lauya zai iya yi wa shaidunsu tambayoyi, ya tono giɓin da ke cikin hujjarsu, ya roƙi kotu ta sallami mutuminsa idan sun gaza. Amma ya tsayar da mutum a akwatin shaida ya rantse cewa an mayar da kuɗin da ba a mayar ba, wannan ba zai yi ba. Shaidar zur laifi ce mai zaman kanta. Ki kwatanta ranar: an tambayi shaidan nan a ina aka miƙa kuɗin, da ƙarfe nawa, tsaba ne ko ta banki, ya fara inda-inda, sai mai gabatar da ƙara ya ɗago takardar bayanan asusu. A nan mutum biyu kuka jefa a matsala.

Gaskiyar da ƙaninki ya faɗa masa kuwa tana nan a rufe. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da wanda yake karewa ya gaya masa sai da izininsa. Sai dai kariyar ba ta haɗa da maganar da aka yi don shirya wani laifin ba, saboda haka ku daina kai masa zancen shaidan nan. Raha da mai gabatar da ƙara kuma ba komai ba ce, kullum a kotu ɗaya muke haɗuwa, kuma ta wannan gaisuwar ake samun ƙofar sasanci.

Batun sitatimen kina da ɗan gaskiya, amma ba kamar yadda kika ɗauka ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 15(4) da na 17, ta yi tanadin ɗaukar iƙirari a bidiyo da kasancewar lauya ko wani da mutum ya zaɓa. Wannan dokar ta kotunan tarayya da Abuja ce, jihohi suna da nasu, kuma lafazinsu yakan bambanta. Lauya zai yi suka ne a lokacin da aka zo miƙa takardar, idan kuma akwai zargin duka ko tursasawa kotu takan tsaya ta binciki wannan tukuna. To a ce an yi nasara an cire sitatimen ɗin. Mai ƙara yana nan da bakinsa, da shaidar tura kuɗi, wataƙila har da saƙonnin waya inda ƙaninki yake ba da haƙuri. Da waɗannan kaɗai ana iya kama mutum.

Da bashi ne tsantsa da na ce muku ku tsaya da ƙafarku, domin sashe na 8(2) na dokar 2015 ɗin ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya, kuma ina takaicin yadda wasu ke mayar da caji ofis wurin karɓar bashi. Amma kuɗin da aka damƙa don wani aiki takamaimai aka karkatar da su sun fi kusa da cin amana, wanda sashe na 312 na dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, ya tanadar wa ɗauri har shekara 7, ko tara, ko duka biyun. Wasu jihohin sun sabunta kundinsu, lambar sashen tana iya bambanta. Niyyar mayarwa takan taimaka wajen neman sassauci, ba lallai ta wanke mutum ba.

Shi ya sa ni ma sulhun zan ba ku shawara, amma ba irin wanda mai ƙarar yake so ba. Maganar "ku kawo gida in janye" ba ta kwanta mini ba. Da zarar magana ta shiga kotu ta fita daga hannunsa shi kaɗai. A ƙarƙashin sashe na 355 na dokar 2015 ɗin, sai ya gamsar da kotu cewa akwai dalilin janyewa, kotun ce ke da ikon yarda ko ƙi, kuma mai gabatar da ƙara yana da ta cewa. Ba sau ɗaya ba na ga an biya a zaure, ba takarda ba shaida, ranar zama mai ƙara ya kashe wayarsa, shari'a ta ci gaba kamar ba a ba shi ko sisi ba.

Ku bar lauyoyi su rubuta yarjejeniya: nawa ne, yaushe za a biya, kashi nawa. A biya ta banki, a ajiye shaida, a sanar da kotu, mai ƙarar ya zo da ƙafarsa ya faɗa a gaban alƙali. Idan hakan ya ƙi, akwai sasanci da masu gabatar da ƙara na sashe na 270 na dokar 2015 ɗin, sai dai shi yakan ƙare da amsa laifi, wanda zai zauna a tarihin ƙaninki, don haka kada ya sa hannu sai an karanta masa ya fahimta.

Idan har zuciyarku ba ta natsu da lauyan ba, ƙaninki yana da 'yancin canza shi, sashe na 36(6)(c) na kundin tsarin mulki ya ba shi. Ku biya shi haƙƙinsa ku karɓi fayil. Kafin nan kada ƙaninki ya tsallake zama ko ɗaya, kada kuma ya kira mai ƙarar ko shaidunsa shi kaɗai, domin ɗaya daga cikin biyun ya isa a soke belinsa.